Suyar Gyaɗa A Gida: A Tsince Kafin A Soya

'Yan'uwa manoma na Unguwar Hajji da kewaye, kaka ta yi, gyaɗa ta shigo gida. Da yawanmu mukan kai mai kyau kasuwar Rogo ko ta Ƙaraye, mu bar wa yara ragowar su soya. Wannan al'ada tana bukatar gyara.

Gyaɗa abinci ce mai amfani ƙwarai. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu nata abin gina jiki ne, kusan rabi kuwa mai ne. Yaron da ya tafi makaranta da soyayyar gyaɗa a aljihu ya fi wanda aka ba kuɗin alewa.

Amma akwai haɗari. Gyaɗar da ta sha fari a gona, ko fartanya ta fasa kwansonta, ko aka ɗura a buhu ba ta bushe ba, takan yi fumfuna. Fumfunar nan tana haifar da guba da ake kira afalatoksin. An gano ta bayan talotalo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, don sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa mai fumfuna. A jikin mutum, hanta take ɓatawa a hankali. Wuta kuwa ba ta kashe ta duka. Saboda haka suya ba ta gyara ruɓaɓɓiyar gyaɗa.

Ga yadda za mu yi:

1. A ɓare gyaɗa, a baza a faifai da rana. A tsince mai baƙi, da motsattsiya, da wadda ƙwaro ya huda. A binne su, kada a zuba wa kaji.

2. A yayyafa ruwan gishiri kaɗan, a shanya a tabarma har ta bushe sarai.

3. A wanke yashi, a zuba a kasko ya yi zafi, sa'an nan a zuba gyaɗa. Wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa ba tsayawa.

4. In an murza ƙwaya ɗaya ɓawon ya saɓule, cikin ya fara ja, a sauke. A tankaɗe yashin nan da nan, gama zafinsa yana iya ƙona ta.

5. Sai ta huce a zuba a busasshiyar kwalba, a rufe. Wadda ta yi ɗaci a baki, a tofar.

Yaron da bai kai shekara 5 ba, kada a ba shi ƙwayar gyaɗa, tana iya shaƙe shi. A niƙa masa, a dama a kunu.

A taron ƙungiya mai zuwa, mu yi shawara kowane gida ya ware wa iyali mudu kaɗan daga gyaɗa mafi kyau kafin a kai kasuwa. Buhunan kuma mu ɗora a kan katako, kada su taɓa ƙasa. Rigakafi ya fi magani.