O23.4: Sunan da kwamfutar asibiti ke kiran ciwon sanyin mai ciki da shi

A Sabon Birni da Isa, kamar sauran ƙasar Hausa, mace mai ciki da ke jin zafi wajen fitsari takan ce ciwon sanyi ke damunta. Sunan nan ɗaya ya haɗa cututtuka da yawa: na mafitsara, na ƙoda, da na al'aura. Kwamfutar asibiti kuwa ba ta san "sanyi" ba. Lamba take so, kuma da lambar ake ƙirga cutar, da ita asibiti ke neman kuɗinsa a wurin inshora.

Daga ina lambobin suka fito?

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundin da ya ba kowace cuta lamba, mai suna ICD. An amince da bugu na goma, ICD-10, a 1990, ƙasashe suka fara aiki da shi daga 1994. Bugu na 11 ya fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2022, amma har yanzu na goma ne ya fi yawa a manhajojin asibitoci da na inshora.

Kowace lamba tana farawa da harafi. N na cututtukan hanyar fitsari da al'aura ne, O kuma na ciki da haihuwa da jego. Shi ya sa ciwo ɗaya ke samun lamba biyu. Idan namiji ne ko macen da ba ta da ciki, ciwon hanyar fitsari N39.0 ne. Da zarar akwai ciki, sai ya koma ƙarƙashin O23:

O23.0: ciwon ya kai ƙoda.
O23.1: yana cikin mafitsara.
O23.2: yana bututun da fitsari ke fita.
O23.4: yana hanyar fitsari, amma ba a tantance wurin ba.
O23.5: ciwon na al'aura ne.

Idan gwaji ya nuna ƙwayar E. coli, wadda ita ce ta fi jawo ciwon, ana iya ƙara B96.2. A Amurka, tun Oktoban 2015, ana ƙara lamba ɗaya don nuna zangon cikin: O23.41 na watanni ukun farko, O23.42 na tsakiya, O23.43 na ƙarshe.

Me ya sa ciki ke canza lambar?

Saboda haɗarin ba ɗaya ba ne. Ciki yana sassauta bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda, mahaifa kuma tana danne mafitsara, sai fitsari ya riƙa kwanciya, ƙwayoyin cuta su samu hanyar hawa sama. Idan suka kai ƙoda, akan samu zazzaɓi mai zafi da ciwon kwiɓi, har ya jawo haihuwar bakwaini ko jariri mara nauyi. Wata mai cikin ma tana ɗauke da ƙwayoyin ba ta jin komai, dalilin da ya sa ake gwada fitsari a wurin awo. Magani ma ya bambanta: akwai irin su doxycycline da ba a ba mai ciki, alhali ana samun su a kemis.

Lamba da kuɗi

A watan Mayun 2022 aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a madadin NHIS. Jihar Sakkwato tana da tata hukumar, SOCHEMA. Akwai kuma asusun BHCPF da dokar lafiya ta 2014 ta samar domin masu ƙaramin ƙarfi, ciki har da mata masu juna biyu.

Biyan kuɗi iri biyu ne. Ƙaramin asibiti yana karɓar ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ya zo ko bai zo ba. Babban asibitin da aka tura mara lafiya kuwa sai ya aika takardar neman biya a kan aikin da ya yi. A nan sunan cutar da lambarta ke aiki. Idan an kwantar da mace saboda ciwon ya kai ƙoda, aka yi mata allurai da ƙarin ruwa, amma aka shigar da lambar ƙaramin ciwo, mai tantancewa zai ga aikin ya fi ƙarfin cutar, yana iya riƙe kuɗin. Ƙarshenta rigimar kan faɗo kan aljihun mijin ko iyaye.

Inda sabis ke yankewa

Najeriya tana tara alƙaluman lafiya a DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ginawa. A ƙananan asibitoci ana fara rubutawa ne a rajistar takarda, a haɗa jimillar wata, sannan a shigar a kwamfuta. Manhajar tana da ta wayar Android da ke ajiye bayanai ko babu intanet, ta tura su idan sabis ya dawo. Mutanen Gobir sun san amfanin haka: a Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni. Abin da ba a rubuta daidai ba tun a rajista, ba zai bayyana a alƙaluman da ake tsara rabon magani da ma'aikata da su ba.

Lambar tana kuma ƙetare iyaka. Likitan Maraɗi yana kiran kundin CIM-10 da Faransanci, amma O23.0 ɗin nan ita ce dai O23.0. Ga iyalan da ke zuwa asibiti a ɓangarorin biyu, lamba ta fi dogon rubutun Turanci saukin fahimta.

Abin da mai waya zai iya yi

Matashin da ya raka matarsa ko yayarsa asibiti ya tabbatar an faɗa wa ma'aikaci tana da ciki, da watanninsa, tun kafin a rubuta magani. Ya ɗauki hoton katin awo, sakamakon gwaji da rasit, don takarda kan ɓace a lokacin gudun hijira. Idan ya ga lamba a takardar, ya duba ma'anarta kyauta a icd.who.int. In ya tarar ta fara da N alhali akwai ciki, ya tambayi mai kula da bayanai cikin ladabi. Waya dai ba ta gano cuta. Zafin fitsari, zazzaɓi ko ciwon kwiɓi ga mai ciki na bukatar gwaji a asibiti a ranar, ba a jira ranar awo ba.