Yadda Ɗan Zongo Zai Zama Malamin Jami'a

'Yan'uwa, sau da yawa 'ya'yanmu na Zongo kan tsaya a digirin farko su shiga kasuwa, alhali Jami'ar Lome, wadda aka kafa a 1970, da Jami'ar Kara suna buƙatar malamai masu bincike. Matakan su ne lisans shekara uku, masta shekara biyu, sannan digirin dakta. Bayan an ɗauki mutum aiki, hukumar CAMES da ke Wagadugu ce ke duba binciken da ya wallafa kafin ƙarin girma. Wanda ya yi karatu a Madina ko Azhar kuwa, sai ya ƙware a Faransanci, a kuma tantance takardunsa. Mu iyaye da kwamitocin masallatai, mu tallafa wa masu wannan dogon karatu. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.