Waken da Muke Ci, Amurkawa Na Shuka wa Barewa

OROZO, Abuja: Manomin da ke gefen hanyar Karu zuwa Karshi ba ya murna in ya tarar da sawun gada a gonarsa ta wake, domin ya san ɓarna ce ta same shi. A kudancin Amurka kuwa akwai masu filaye da ke kashe kuɗi su shuka irin wannan wake, ba don girbi ba, sai don namun daji su zo su cinye.

Asalin waken daga Afirka yake, ya isa Amurka ne a zamanin cinikin bayi, kuma har yau babu ƙasar da ta kai Nijeriya noma shi. Dabbar da ake shuka wa shi ita ce barewar Amurka mai farar wutsiya. Ba danginsu ɗaya da barewarmu ba, don namijinta yakan zubar da ƙaho duk shekara ya tsirar da sabo.

Yadda ake yi shi ne, mai fili yakan share 'yan ekoki a tsakiyar daji, ya shuka wake bayan sanyi ya wuce. Lokacin ne matan ke shayarwa, mazan kuma ke fitar da ƙaho, duk suna bukatar sinadarin gina jiki, wanda a ganyen wake yakan kai kashi 20 cikin 100. Sau da yawa akan haɗa shi da dawa domin ya sami abin hawa, kamar dai yadda manoman Kano da Katsina suka gada. Da yake ƙanƙara na kashe shi, in kaka ta zo sai a maye gurbinsa da wani nau'i mai jure sanyi da ake kira waken hunturu na Ostiriya. Babbar matsalar ita ce in filin ya yi ƙanƙanta dabbobin kan cinye tsiron tun bai kafu ba, saboda haka wasu kan kewaye shi da wayar lantarki har ya yi ƙarfi.

Ribar tana zuwa ne ta wata ƙofa. A jihohi irin su Texas, mai fili yakan ba mafarauta hayar dajinsa, kuma gwargwadon yawan dabbobi da ƙoshinsu, gwargwadon kuɗin haya. Amma ba wake ne ya gina wannan kasuwa ba, doka ce. A wajajen 1900 barewar ta kusa ƙarewa saboda farautar ganin dama, ba ta wuce kimanin 500,000 ba. Sai jihohi suka ƙayyade lokacin farauta da adadin da mutum zai harba, suka wajabta lasisi. A 1937 aka kafa dokar Pittman-Robertson, wadda ke karkatar da harajin bindigogi da harsasai zuwa kula da namun daji. Yanzu ana ƙiyasta yawanta da kusan miliyan 30.

A nahiyarmu ma akwai misali. Afirka ta Kudu ta yi doka a 1991 wadda ta amince wa mai fili ya mallaki namun dajin da ya killace da shinge mai inganci. Da dabba ta zama dukiya, sai manoma suka shiga kiwonta, ana gwanjonta, ana sayar da nama, ana karɓar baƙi.

To, ko ɗan kasuwa zai iya gwada haka a Orozo? Cikas na farko shi ne fili. Tun da aka kafa Babban Birnin Tarayya a 1976 ƙasar yankin ta koma hannun Gwamnatin Tarayya, kuma bayan ƙaurar gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991, gine-gine suka yi ta cin gonakin Gbagyi daga Nyanya zuwa Jikwoyi da Kurudu har Orozo. Inda fuloti ke tsada haka, da wuya kiwon gada ya biya kuɗin fili.

Na biyu shi ne mallaka. A nan, dabbar daji ta wanda ya riga harbi ce. Wanda ya shuka wake ba shinge, ya tara wa mafarautan rani nama ne a wuri guda, kuma maimakon dabbobin su ƙaru, ƙarewarsu zai gaggauta. Na uku, dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016, sun hana taɓa wasu nau'o'i, wasu kuma sai da izini.

Duk da haka hanya ba ta toshe ba. A 2006 Jihar Bauci ta kawo namun daji daga Namibiya zuwa gandun Sumu, alamar cewa killace dabbobi don masu yawon buɗe ido abu ne mai yiwuwa. A irin wannan gandu, kadadar wake na iya rage kuɗin ciyarwa, ta kuma ƙara wa ƙasa taki, tunda saiwarsa na tara sinadarin naitirojin. Iri ma ba abin nema ba ne daga waje: Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da reshen IITA na Kano sun daɗe suna fitar da nau'o'i masu ba da ƙwaya da harawa tare.

Mai son zuba jari sai ya fara da takardar fili, da izinin hukuma, da shinge, kafin ya sayi ko mudu ɗaya na iri. Manomin Orozo kuwa, lissafinsa a bayyane yake: ƙwayar wake tana da kasuwa, harawa kuma tana da masu saye a wurin masu kiwon ragunan layya. Sai ranar da gada mai rai ta fi wadda aka ƙyafe a bakin titi kawo masa kuɗi ne zai yarda ya bar mata kunya ɗaya a gonarsa.