Zaɓen Shahada ga Babbar Nas a Asibitocin Amurka

Tun shekarar 1965, lokacin da malamar jinya Loretta Ford da likitan yara Henry Silver suka assasa wani sabon mataki na aikin jinya a Jami'ar Kolorado ta Amurka, al'amarin ya yi ta bunƙasa har ya kai a yau nas wadda ta yi digiri na biyu ko na uku tana duba majiyyaci, ta gano cutarsa, ta rubuta masa magani, gwargwadon abin da dokar jiharta ta halatta. Amma wannan daraja ba ta samuwa sai da shahada daga hukumar jarrabawa, kuma shahadar, kamar ijazar da malami ke bayarwa a kan littafi guda, ba ta wuce fannin da aka ba da ita a kansa.

Ƙa'idar da ƙungiyoyin jinya suka yi ittifaƙi a kanta a 2008 ta ɗaure kowace shahada da irin majiyyatan da aka koyi kula da su da kuma tsananin ciwonsu. Ɗalibai da yawa suna rububin shahadar kula da iyali, wato FNP, saboda faɗinta, alhali karatunta ya karkata ne ga rigakafi da cututtukan yau da kullum irin su hawan jini da ciwon sukari; wadda kuwa zuciyarta ke ga ɗakin kulawa ta musamman, inda numfashin majiyyaci ya dogara da na'ura kuma halinsa ke sauyawa cikin sa'a guda, lalle abin da ya dace da ita shi ne AGACNP, ta manya da tsofaffi masu ciwo mai tsanani, wadda hukumomin ANCC da AACN ke bayarwa, ana kuma sabunta ta kowace shekara 5. Ta yara masu irin wannan ciwo tana hannun hukumar PNCB, ta jarirai sabbin haihuwa kuma tana hannun hukumar NCC.

A ganina, wajibi ne a yanke wannan shawara tun kafin shiga makaranta, domin fannin da aka karanta shi ke tabbatar da jarrabawar da za a zauna, kuma wadda ta zaɓi FNP sannan asibiti ya nemi AGACNP, sai ta koma aji ta sake biyan kuɗi da wasu sa'o'in horo a gefen gadon marasa lafiya.