Abubuwan da ya kamata ka sani game da zanen gawayi na Gauguin a gaɓar tekun Faransa

Wane ne shi, kuma me ya kai shi ƙauye?

An haifi Paul Gauguin a Paris a 1848. Dillalin hannun jari ne, har kasuwar ta karye a 1882, ya rungumi zane gadan-gadan. A 1886 ya tafi Pont-Aven a yankin Bretagne, arewa maso yammacin Faransa, domin kwana da abinci suna da araha a can. A 1889 ya matsa zuwa Le Pouldu, ƙauyen da ke bakin teku.

Me ya sa gawayi?

Ba gawayin murhu ba ne. Siraran rassan itace ake ƙonawa a rufe, ba iska, su fito kamar alli baƙi. Yana da araha, yana da sauri, ana murza shi da yatsa a samu inuwa, a goge kuskure da ɓargon burodi. Amma ba ya kama takarda, sai an fesa masa ruwan ƙaro. Mace tana tsaka da aiki ba za ta tsaya jiran mai zane ba, don haka layuka kaɗan masu kauri Gauguin yake ja: lanƙwasar baya, farar hula, takalmin katako. Daga irin waɗannan takardu yake ɗauko siffofin da yake sakawa a manyan zanukansa na fenti.

Rayuwar da ke cikin zanen

Nan ne zuciyar maganar. A wancan zamani, mutanen yankin manoma ne da masunta, da harshensu na Breton, daban da Faransanci. Hular mace kan nuna garin da ta fito. Mata sukan shiga ruwa mai sanyi su yayo ciyawar teku, a kai gona ta zama taki. Gauguin ya zana wannan aiki a 1889.

A ganina, dole a faɗi gaskiya: baƙo ne da ya zo neman rayuwar da zamani bai taɓa ba, ya kuma ƙawata talaucin da ba shi ke ɗauke da shi ba. Duk da haka, gajiyar jikin matan nan ta fito sarai a layukansa.

Sunan salon

Masu zanen da suka gabace shi, irin su Monet, haske suke bi. Shi kuwa siffa da ma'ana ya sa a gaba. Roger Fry, Baturen Ingila, shi ya raɗa wa salon suna Post-Impressionism a 1910, shekara 7 bayan rasuwar Gauguin.