Idan Nama Ya Fara Maƙalewa Kusa da Haƙorin Dashe

Dashen haƙori bai yawaita a Zamfara ba tukuna. Wanda ya yi, galibi sai da ya yi tattaki zuwa Kano ko Abuja, wani ma har Masar ko Indiya, ya kashe kuɗi masu kauri, ya dawo Gusau da tunanin ya rabu da likitan haƙori ke nan. Bayan wasu watanni ko 'yan shekaru sai ya ga duk sanda ya ci tsire ko kilishi, nama na cusuwa tsakanin sabon haƙorin da na kusa da shi, wurin da a da ko zare da ƙyar yake shiga. Sai zargi ya hau kan likita, a ce ya yi ha'inci.

Sau da yawa ba laifin kowa ba ne. Dashen ƙusa ce ta ƙarfen titaniyom da ake murɗawa cikin ƙashin muƙamuƙi, ƙashi ya kama ta gam, sannan a ɗora mata hular haƙori. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya gano ƙashi na manne wa wannan ƙarfe, ya kuma fara dasa wa mutum a 1965. To, ƙusar nan kamar turke take, inda aka kafa ta nan za ta tsaya. Haƙorin da Allah ya halitta kuwa wasu siraran jijiyoyi ne ke riƙe da shi cikin ƙashi, yana ɗan motsi idan ana tauna, kuma duk tsawon rayuwa haƙora suna matsawa gaba kaɗan-kaɗan ba tare da mutum ya ji ba. Na gaban dashen ya matsa, dashen bai bi shi ba, sai rata ta buɗe. Shi ya sa aka fi ganin ta ta gefen gaba. Kuma saboda haka ne ba a yi wa yaro dashe sai muƙamuƙinsa ya gama girma.

Wannan rata ba wushirya ba ce, ba ado a cikinta. Abincin da ke kwana a ciki yana huda lafiyayyen haƙorin da ke maƙwabtaka, ya kumbura dasashi, ya kawo jini da warin baki. Idan abin ya yi nisa, ƙashin da ke riƙe da ƙusar ya fara zaizayewa, ga shi dashen ba ya zafi da wuri balle ya yi gargaɗi. Mai shan taba da mai ciwon sugan da bai daidaita ba sun fi shiga haɗari.

Mu kuma an san mu da tsinke: na ashana, na tsintsiya, wani har allura yake sawa. A ganina wannan sakace ya fi naman ɓarna, don dasashin yake soka yana tura shi ƙasa. Asuwaki da buroshi suna wanke fuskar haƙori, amma ba sa shiga lungun. Zaren sakace ko ɗan ƙaramin buroshin tsakanin haƙora ne ke isa can. Zaren ma gwaji ne: idan haƙora suna haɗe, sai ya ɗan turje kafin ya faɗa. Ya wuce salin-alin, to wurin ya buɗe. Masu haƙorin Makka ma su riƙa duba gefen nasu, hula ce ita ma, kuma abinci na laɓewa ƙarƙashinta.

Gyaran bai kai dashen wuya ba. Likita na iya yi wa haƙorin kusa ɗan ciko, ko ya cire hular a ƙara mata kauri, ko a sake wata. Hular da aka ɗaure da noti ta fi sauƙin cirewa a kan wadda aka liƙa, don haka wanda bai yi dashen ba tukuna ya tambayi wace iri za a sa masa, ya kuma karɓi takardar da ke nuna samfurin ƙusar. Ratar takan sake buɗewa bayan gyara, shi ya sa wasu likitoci ke ba da robar da ake sawa a baki da dare.

Ba sai an koma inda aka yi dashen kafin a duba ba. Mutumin Tsafe ko Bunguɗu da ya ga nama na yawan maƙale masa, ko jini a buroshi, ya shigo Gusau ya ga likitan haƙori a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, a duba dasashin, a ɗauki hoton ƙashin. Ko ba abin da ke damun ka, ka kai dashen a gani aƙalla sau ɗaya a shekara.