Kwamfutar aiki daidai aljihun ma'aikaci: Abin dubawa kafin a biya kuɗi

Duk wanda ya taɓa zama hadimin wani babba a Abuja ya san irin wannan yammaci. An tashi daga aiki, an kama hanyar Kubwa ko Mararaba, sai ga saƙo: maigida zai yi jawabi gobe da ƙarfe tara, a gyara masa takardar kafin gari ya waye. Kwamfutar ofis tana can a Sakatariyar Tarayya, an kulle ƙofa. Waya tana iya tura saƙo, amma gyaran jawabi mai shafi goma ko jadawalin kasafi a kanta azaba ce. A irin wannan dare ne mutum kan ƙudurta mallakar kwamfutar tafi-da-gidanka ta ƙashin kansa.

Buƙatar kuwa ƙaruwa take yi. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya daɗe yana matsa wa ma'aikatu su bar fayil na takarda su koma adana bayanai a na'ura, jarrabawoyin aiki da dama ma a kan kwamfuta ake rubuta su yanzu. Sai dai da dala ake shigo da kwamfuta. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma. A farkon 2024 ta haura 1,500. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Ga ma'aikacin da ya haɗa kuɗin da adashe ko rancen ƙungiyar ofis, kuskure ɗaya a shago na nufin watanni yana biyan bashin abin da ba ya amfanarsa.

Abin farin ciki shi ne aikin ofis ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada. Rubuta wasiƙa a Word, lissafi a Excel, buɗe PDF, duba imel da halartar taro ta Zoom duk ayyuka ne marasa nauyi. Abin da ake buƙata shi ne na'urar da za ta tashi da sauri, ta riƙe caji, ta jure zirga-zirga. Abubuwa huɗu ne ke tabbatar da haka, kuma babu ɗayansu da ake gani a ƙyallin murfi.

Na farko shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, kuma a nan aka fi yi wa masu saye rufa-ido. Mai shago zai nuna tambarin Core i7 ya ce ai wannan ta fi i5. Ba kullum ba. Kamfanin Intel yana fitar da furosesa zubi-zubi, abin da 'yan kasuwa ke kira jenereshan, kuma lambar da ke bin sunan ita ke faɗin gaskiya. A i7-4600U, lamba 4 ta farko na nufin zubi na huɗu, na shekarar 2013, mai injin sarrafawa biyu. A i5-8250U, lamba 8 na nufin zubi na takwas, na 2017, mai injin huɗu. Ta biyun ta fi ta farkon nesa ba kusa ba, duk da sunanta ya fi ƙanƙanta.

Zubi na takwas ɗin nan shi ne iyaka, saboda wani dalili. A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10, in ban da ƙarin wa'adin tsaro ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa, a ƙa'ida, ba ta karɓar yawancin furosesar Intel da ke ƙasa da zubi na takwas. Masu gyara suna da dabarar cusa ta a tsofaffin na'urori, amma kamfanin bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin waɗannan da gyaran tsaro ba. Don haka ganin Windows 11 a fuskar kwamfuta ba hujja ba ne. Lambar furosesa za a duba.

Na biyu shi ne RAM, wanda za a iya kwatanta shi da faɗin teburin aiki: gwargwadon faɗinsa, gwargwadon takardun da za a baza a lokaci guda. Gigabait 4 ya yi kaɗan a yau; da an buɗe Chrome da Word da Zoom tare, na'urar za ta fara jan ƙafa. Gigabait 8 shi ne ƙasa, kuma yana da kyau a tambaya ko akwai gurbin ƙari, domin a wasu siraran kwamfutoci an liƙe shi ne ba ya ƙaruwa.

Na uku shi ne ma'ajiya. Tsohuwar ma'ajiya ta HDD faifai ce mai juyawa, tana da nawa, kuma faɗuwa ɗaya na iya tafiya da takardun shekaru. SSD ba ta da abin da ke motsi a cikinta, tana tayar da na'ura cikin daƙiƙoƙi. SSD mai gigabait 256 ta fi wa mai aikin takardu amfani a kan HDD mai gigabait 1,000, ko da mai shago ya yi ta kambama girman lambar.

Na huɗu shi ne batir, wanda a unguwannin da wuta ke zuwa ta ɗauke ya kusa zama na farko. Ba sai an dogara da rantsuwar mai kaya ba. A buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, Windows za ta fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin batirin lokacin da aka ƙera shi da abin da yake iya ɗauka yanzu. Idan ya ragu zuwa rabi, a sa kuɗin sabon batir cikin lissafi, a nemi ragi ko a bar ta.

Da waɗannan ma'aunai a hannu, tambayar sabuwa ko tokumbo ta zo da sauƙi. Sabuwar da ta fi araha a kasuwa galibi mai furosesar Celeron ce da RAM gigabait 4 da ƙaramar ma'ajiya, a cikin gangar roba. Tana da kwali da garanti, amma araha ba ta ado. A kusan kuɗin, ana samun tokumbon da manyan kamfanoni a Turai da Amurka suka sauke bayan wa'adin amfani, irin su Lenovo ThinkPad T480, Dell Latitude 5490 ko HP EliteBook 840 G5. An ƙera su ne don aikin ofis na yini guda, madannansu na da daɗin rubutu, kayan gyaransu kuma ba sa wuya a Banex da ke Wuse 2 ko Computer Village ta Ikeja. Ko a cikinsu ma a duba lamba, domin akwai waɗanda suka zo da zubi na bakwai.

Tokumbo tana da nata haɗarin, shi ya sa ba a sayenta cikin gaggawa. A zauna a shagon a buɗe Word a danna kowane harafi. A lura da jerin madannan: wadda ta fito daga Faransa ko Jamus takan zo da haruffa a wuraren da hannu bai saba ba. A buɗe farin shafi a duba tabo ko layi a fuska. A buɗe murfi a rufe don jin ko gaɓarsa ta saki. A gwada kyamara, lasifika, Wi-Fi da kowace kafar USB. A tabbata babu kalmar sirri a BIOS, kuma na'urar ba ta neman a shiga da asusun wani kamfani na waje, domin irin wannan kulle yakan dawo ko bayan an sake zuba Windows. A ƙarshe a karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da kwanakin garanti a rubuce. Shi ne mafaka idan ta lalace, shi ne kuma shaida idan ta kasance kayan sata.

Akwai kuɗin da ba a cika lissafawa ba: caja ta asali, jaka mai soso, da manhajar rubutu. Office ɗin da ake zubawa kyauta a shago sau da yawa na sata ne, yakan kuma zo da ƙwayar cuta. Wanda ba zai iya biyan lasisi ba yana da LibreOffice, wadda kyauta ce ta halal kuma tana buɗe takardun Word da Excel, ko Google Docs idan akwai intanet.

Abu na ƙarshe ya fi kuɗin nauyi. Kwamfutar hadimi takan cika da daftarin wasiƙu, sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan daram, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023. A sa kalmar sirri tun ranar farko, a ajiye kwafin muhimman takardu a wani wuri dabam, kada kuma a bar na'urar ta kwana wurin mai gyara da takardun ofis a cikinta. Wanda aikinsa ya shafi takardun sirri ya fara tambayar sashen fasahar sadarwa na ma'aikatarsa ko an yarda ma ya ɗora su a kan na'urarsa.

Kafin a nufi kasuwa, a rubuta a 'yar takarda: zubi na takwas zuwa sama, RAM gigabait 8, SSD gigabait 256, batir mai rai, rasit. Shagon da ya hana gwaji, a yi masa sallama a shiga na gaba.